Kyamarar da Ba Ta Sallama

A shekarar 2018 wani ɗan madubi da bai kai faɗin kwalin ashana ba ya hana ni sakat. Yana cikin kyamarata, kuma da kyamarar nake ciyar da iyalina a Anka. Na saye ta ne a hannun wani direba da ya yi aiki da masu kwashe ƙasar gubar dalma a Abare, shi ma wani Bature ne ya bar masa ita da zai koma gida. Baƙa ce mai nauyi, in ka rataya ta wuni guda sai wuyanka ya gaya maka. Ina son ta fiye da yadda ya kamata mai hankali ya so ƙarfe, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin irinta ba, haka abin yake. In ka kafa ido a 'yar tagar baya, abin da kake gani madubin ne ke ɗauko maka shi daga gilashin gaba. Da ka danna sai madubin ya yi sama ya ba haske hanya, tagar ta yi duhu na ƙiftawar ido, sannan ya faɗo mazauninsa. Wannan tashi da faɗuwa su ke ba da ƙarar nan, ƙaras, wadda ko kana bayan katanga sai ka ji. Ni na saba da ita har na daina lura da cewa tana yi.

A lokacin waya ta riga ta cinye rabin sana'armu. Samari sun daina zuwa shago su jingina da labulen da aka zana wa jirgin sama, kowa yana ɗaukar kansa da kansa yana murguɗa baki. Abin da ya rage mini, wanda waya ba ta ƙwace ba, shi ne cikin gida. Akwai gidaje a Anka da Bukkuyum da namiji baligi ba ya wuce zaurensu, amma ni ina wucewa, in ɗauki hotunan suna da na biki, in wanke manya a sa a firam a rataye a ɗaki. Ba kyawun halina ya jawo mini wannan ba, Inna ce, mahaifiyata. Ungozoma ce, haifaffiyar Bukkuyum da aure ya kawo Anka, kuma yawancin matan da nake ɗauka ita ta yanke wa 'ya'yansu cibi, wasu ma su kansu ita ta karɓe su. Da Allah Ya yi mata rasuwa gidajen ba su canza mini ba, suka ci gaba da ɗaukata ɗan gida. Da wannan alfarma kaɗai na fi sauran masu hoto, domin akwai waɗanda suka fi ni iya aiki nesa ba kusa ba.

Aikin yana da ƙa'idarsa, ko da yake babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini. In na yi sallama na shiga, mata suna harkarsu, wata na kwasar tuwo, wata na wanke yaro, wata ta tuɓe ɗankwali ana ƙarasa mata kitso. Ni kuwa idona a ƙasa, ina haɗa kayana. In na gama sai in ce, “A shirya.” Nan kowace za ta jawo mayafi, ta gyara tsayuwa, ta haɗe fuska kamar an kai ta gaban alƙali. Ba wadda za ta motsa sai ta ji ƙaras. Da an ji sai a saki jiki, a koma dariya da tsegumi, har in sake cewa a shirya. Tsakanin ƙara da ƙara babu hoto, kowace mace ta san haka, shi ya sa ba sa gudu ɗaki in ina tsakar gida. Shekaru ina wannan aiki ban taɓa zama na yi tunanin a kan me yardar take tsaye ba.

Labarin kyamara marar madubi a waya ya iske ni. Muna da guruf na masu hoto, mutanen Gusau da Sakkwato da Kano, inda ake gardama daga safe har yamma kamar ba mu da aikin yi. Akwai wani kamfani da ya daɗe yana ƙera marar madubi, muna ta yi masa dariya, muna cewa kayan 'yan gayu ne, kafin a ɗaura aure batir ya mutu. Kwatsam sai manyan kamfanoni biyu da muke taƙama da su, har da wanda ya ƙera tawa, suka fito da nasu marasa madubin, ɗaya na bin ɗaya cikin 'yan makonni. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sun canza bakin da ake ɗaura gilashi. Ina da gilasai uku da na tara da ƙyar cikin shekaru, aka ce yanzu ba sa hawa sabuwa sai da wani zobe a tsakani. Guruf ya kama da wuta. Wannan ya ce madubi ya mutu, saura jana'iza. Wancan ya ce ƙarya ne, kamfanonin tsoron ɗan'uwansu suke ji don ya kwashe musu masu saye, in ƙura ta lafa za su dawo kan abin da suka iya. Ina karantawa ne gabana na faɗuwa, don duk mai maganar yana da kyamara biyu ko uku, ni kuwa ɗaya ce tilo.

Ana cikin haka, a wani ɗaurin aure a Anka, na danna, madubin ya tashi ya ƙi dawowa. Tagar ta yi baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, na cire batir na mayar, na yi addu'ar da na sani, sai can ya faɗo da wata ƙara marar daɗi. Washegari na kama hanyar Gusau wajen mai gyara, wani dattijo marar son magana da ke aiki da tabarau biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya buɗe ta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

“Wagga ta yi aikin da anka yi ta dominshi, har ta ƙara,” in ji shi.

“A dai gyara min ita, Baba.”

“Gyarawa za ni yi, in na samu gawa.”

Gawa a bakinsa ita ce matacciyar kyamara irin tawa da zai ciri abin da ya lalace daga jikinta. Na tambaye shi ko ba a samun sabo. Ya ɗaga kafaɗa.

“Yau akwai, sai an aika Legas an jira. Gobe ban sani ba. Masu abin sun juya baya, kai mi kaka jira?”

Na bar masa ita na fito. Na shiga mota zuwa Anka. Ina ta tambayar kaina, in na sayar da komai na koma marar madubi, na wane kamfani zan bi, kuma in wanda na bi shi ne aka kayar a tseren fa? In kuma na tsaya a kan tawa, ranar da gawa ta ƙare a kasuwa ina zan nufa? Mutanen nan suna can Japan suna rige-rigensu, ba su san akwai wani gari wai shi Anka ba, amma sun sa na kasa cin abinci.

Kwana biyu da dawowata aka kira ni daga Bukkuyum. An yi haihuwa a gidan Hajiya. Hajiya aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata, tsohuwa mai baki, wadda ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai “ɗana”. Babban ɗanta Alhaji, mai fataucin hatsi, shi ke riƙe da gidan. Matar ƙanensa ce ta haihu, bayan shekaru ana jira har an fara yin shiru da maganar. Suna irin wannan ba a cewa ba za a zo ba. Na ce in Allah Ya yarda ina nan tafe, na ajiye waya na tuna ba ni da abin ɗauka.

Ina da aboki mai hoto a Gummi. Shi tun farkon shekara ya sayar da duk kayansa masu madubi ya sayi marar madubi ta kamfanin nan da muke wa dariya, kuma tun daga ranar ya zama mai wa'azi, duk inda aka zauna sai ya jawo zancen. Na daɗe ina gudun shagonsa saboda haka. Yanzu dole ta sa na je. Ya ji daɗi ƙwarai, har kujera ya share mini.

“Yau dai ka zaka da ƙahwakka,” ya ce. “Riƙa ka ji.”

Na riƙa. Ba nauyi, kamar ba komai a hannuna. Na kafa ido a tagar, ashe ɗan talabijin ne a ciki, hoton yana nuna maka yadda zai fito tun kafin ka ɗauka. Na juya ta kan abokina sai wani ɗan akwati ya tashi ya maƙale a idonsa, ya matsa dama ya bi shi, ya matsa hagu ya bi shi. Na danna, ta yi wata 'yar ƙara siririya kamar tsakin yarinya. Hoton ya fito tsaf, har gashin girarsa ana gani ɗaya-ɗaya. Gaskiya ta burge ni, kuma burgewar ta ƙara mini tsoro, don na so a ce na same ta da aibi.

Ya yarda zai ara mini, amma yana da aikin musabaƙar Alƙur'ani ana gobe suna, don haka sai da safiyar ranar zai ba direba ya miƙa mini a mararrabar Bukkuyum. Da zan tafi ya bi ni har bakin titi yana jaddada abu ɗaya.

“Batir ɗaya gare ni mai kyau. Kak ka kunna ta sai ka tashi aiki, ka ji? Tana shan wuta kamar mi.”

Ranar suna direban ya miƙo mini jaka ta taga ya wuce. Na bi umarni, ban kunna ba, ko zif ɗin ban buɗe ba. Da hantsi na yi 'yan gaishe-gaishe da maza a ƙofar gida, na jira aka ci abinci, bayan azahar aka ce in shiga.

Tsakar gidan cike take. Tukwane a kan murhu, 'yan'uwan mai jego sun zo daga ƙauye da ƙoren fura, ana ta shewa. Hajiya na zaune a kan kujera 'yar tsugunno ana shafa mata turare. Na durƙusa na gaishe ta. Tana ganin abin da na ciro daga jaka ta kama haɓa.

“Ɗana, ina babbar? Wagga ɗiyatta ta?”

“Babbar tana asibiti Gusau, Hajiya. Wagga aro ta.”

“To Allah Shi ba ta lahiya. Ka dai hiddo ni da kyau, kak ka hiddo ni tsohuwa.”

Aka yi dariya. Na kunna kyamara, tagar ta kawo haske. Hajiya ta tara tsofaffi sa'o'inta su biyar suka jeru a jikin bango, inda rana ke duka, don nan ne haske ya fi kyau. Na ce a shirya. Suka ja mayafai, suka daskare. Ɗan akwatin ya maƙale a idon Hajiya. Na danna.

Shiru. Ba ƙara, tagar kuma ba ta yi duhun nan da na saba gani ba. Na sake dannawa, na danne da ƙarfi na riƙe. Shiru. Tsofaffi suna tsaye ƙiƙam suna jiran ƙaras, ni ma ashe ita nake jira. Na ce a raina shi ke nan, na lalata kayan mutane, tawa na Gusau a kwance ga ta aro ta mutu a hannuna. Na ɗauka ko hasken bangon ne ya yi mata yawa, sai na juya ta wajen murhu na danna. Ba komai. Na juya wajen rijiya na danna. Na juya wajen ɗakin mai jego, inda aka ɗage labule don iska, na danne na riƙe ina kasa kunne. Ba kallon mutane nake ba, Allah Ya sani, ƙara nake nema.

Hajiya ta yi magana ta tsakanin haƙora, ba ta ko motsa kai ba.

“Ɗana, ƙahwahuna sun hwara rawa.”

“A yi haƙuri, Hajiya, ta ƙi ɗauka.”

Nan take kowa ya saki jiki. Wata tsohuwa ta zame mayafi tana fifita da shi, wata ta zauna daɓas a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Aka shiga yi mini tsiya, ana cewa ɗiyar ba ta gaji uwarta ba, a mayar da ita a yaye ta tukuna. Ina yaƙe ina ci gaba da nuna ta nan da can ina dannawa. Da na rasa yadda zan yi sai na danna maɓallin duba hotuna, ko za ta rubuta mini abin da ke damunta. Mata suka taru a bayana suna leƙe, kamar yadda suka saba in na ɗauka su ga yadda suka fito.

Hoto ya bayyana a allon. Tsohuwar nan ce zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, baki buɗe tana dariya. Aka kwashe da shewa. Ni kuwa yatsana yana ta komawa da hotunan baya da kansa. Ga mai fifita da mayafi, wuyanta a waje. Ga wata a bakin rijiya ta ɗage zane zuwa gwiwa. Duk dannawar da na yi ta ɗauka, inda na danne na riƙe kuwa ta jero su rututu. Dariyar ta fara raguwa. Sai ga ɗakin mai jego. Tana zaune a bakin gado, kai ba ɗankwali, ta saki rigarta tana shayar da jariri, kuma hoton ya fito tas fiye da duk wanda na taɓa ɗauka a rayuwata. Ba ɗaya ba ne, sun fi goma a jere.

Yayar mai jego ce a kafaɗata. Ta ce, “Innalillahi,” ta juya ta shige ɗakin ta saki labule. Na ga mata suna jawo mayafai, wasu suna zamewa ɗakuna ba tare da sun dube ni ba. Hajiya ta matso ta kalli allon, ta kalle ni.

“Yaushe kaɗ ɗauki wanga? Ba mu ji komi ba.”

“Wallahi Hajiya ni ma ban ji ba.”

Ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta ce a kira mata Alhaji, ni kuma in jira shi a zaure. Ban taɓa jin tsawon tsakar gidan nan ba sai ranar.

Alhaji mutum ne mai sanyi, ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa. Ya shigo zaure ya zauna, ya ce in faɗa masa. Na faɗa masa komai. Na share hotunan a gabansa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya kawar da kai bai kalli ko guda ba, sai da na nuna masa allon ya koma fayau. Sannan na kira abokina na Gummi na sa a lasifika. Da ya ji abin da ya faru sai ya fashe da dariya, don bai san a gaban wa nake ba. Ya ce ai jiya a wajen musabaƙa ya kashe mata ƙara don kada ta dami masu karatu, ya manta bai mayar ba. Ya ce wannan ai shi ne daɗinta, babu madubin da zai yi ta buga ƙofa. Ya kwatanta mini inda zan shiga, na shiga, na danna, ta yi ɗan tsakinta.

Na ji sanyi a raina, na ce, “Ka ji, Yaya, ta gyaru. Yanzu tana ƙara.”

Alhaji ya daɗe yana kallon kyamarar.

“Ashe kai ka kunna mata kukan.”

“I, Yaya.”

“Kuma kana iya kashe shi.”

Bai jira amsata ba.

“Waccan taka, ko kana so ko ba ka so, sai ta yi sallama kahin ta ɗauki mutum,” ya ce. “Wagga ba ta sallama sai ta ga dama. Ni na yarda ba da gangan kay yi ba, na san ɗan wa kake. Amma su mata, da mi za su sani?” Ya nuna ƙirjina da haɓa. “Yanzu haka da take rataye, tana ɗaukata ko ba ta ɗaukata?”

Na sunkuya na dube ta. Na san ba ta ɗauka sai an danna, amma sai da na duba, kuma ya ga na duba.

Sauran hotunan ranar a ƙofar gida aka yi su. An fito da jariri a hannun kakansa na wajen uwa na ɗauka. Mai jego ba ta fito ba, don haka sunan ɗanta na fari ya wuce ba ta da hoto ko ɗaya. Wannan ya tsaya mini a rai har yau.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ba ta yi ba kuma ya fi faɗuwa. Magana ba ta kwana a gidan suna, kafin in mayar da kyamarar Gummi labari ya riga ni isa Anka. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya tare ni da zancen. Sai dai wata rana na gamu da wata mata da na ɗauki bikin 'ya'yanta uku, muka gaisa, ta ce akwai walima a gidansu wata mai zuwa, sannan ta tambaye ni cikin dariya, wai da wace zan zo, mai magana ko kurma. Na yi dariya ni ma. Walimar ta zo ta wuce ba a aiko mini ba.

Abokina na Gummi ya ba ni haƙuri, amma bai ga abin damuwa ba. Ya ce mutane za su saba, da waya ma haka aka yi, nan da 'yan shekaru duk kyamarar duniya haka za ta koma, ko na so ko na ƙi. A guruf kuwa ana ta turo sababbin da kamfanoni ke shirin fitarwa, wannan ta fi waccan sauri, waccan ta fi wannan shiru, ana yabon wadda za ta ɗauki mutum yana salla bai sani ba. Na rubuta dogon bayani ina son in gaya musu abin da ya same ni a Bukkuyum, na karanta na ga za su mayar da ni abin dariya, na goge. Abin da ke cina shi ne na san abokina ba ƙarya yake ba. Ko tawa ta warke, wata rana za ta sake kwantawa, kuma wadda zan saya a bayanta ba za ta zo da madubi ba.

Bayan wata biyu mai gyara ya kira, ya samu gawa. Na je Gusau na karɓo ta. Ya danna a gabana, ƙaras, sai da na ji hawaye na neman zubo mini a gaban dattijo. Ya ce za ta kai ni wani lokaci, amma in ta sake, kada in zo masa da fuskar tausayi. Na rungumo ta a cinya har gida, ban yarda an sa ta a bayan mota ba.

Da damina ta kusa aka sa bikin 'yar Alhaji, sai ga kira daga Bukkuyum. Ban san irin nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na ji muryarsa yana cewa in zo. Na gaya wa matata an wuce wurin, na sa aka wanke mini babbar riga. Ranar na isa da wuri, kyamara a wuya. Ina sauka daga babur na ɗaga ta sama na danna sau biyu a banza, da ƙarfi, don na ciki su ji wace ce ta zo. Alhaji ya fito yana murmushi, ya riƙe hannuna.

“Babbar ta samu lahiya ke nan. Madalla.”

Na gyara jaka na nufi zaure. Bai saki hannuna ba. Ya juya ni a hankali wajen inuwar dalbejiya, inda aka shimfiɗa darduma aka jera kujerun roba, har an ɗaura wani farin yadi a jikin bango.

“Nan anka shirya maka,” ya ce. “Za su riƙa hitowa.”

Suka riƙa fitowa kuwa, uku-uku, huɗu-huɗu, kowace cikin hijabi har ƙasa. In ce a shirya, alhali a shirye suka fito. Su tsaya, su ji ƙaras, su juya su koma. Amarya ta fito da ƙawayenta, ta koma. Hajiya ce ta ƙarshe, tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kyau, ta tambayi iyali da yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka. Na jira ta ce wani abu a kan kyamarar, ko ta ce in fito da ita yarinya. Ta tsaya na ɗauka, ta shiga.

Can aka miƙo mini abinci daga zaure. Tun ina ƙarami, a gidan nan a bakin murhu ake zuba mini, a duk kwanon da hannu ya kai, in ci a tsaye Hajiya na faɗa in na rage. Yau faranti ne babba da kuloli masu murfi, da cokali a naɗe cikin takarda, da lemon kwalba. Na buɗe, shinkafa ce da kaza, cinya har biyu, irin abin da ake fitar wa baƙon da ake jin nauyinsa. Na yi cokali uku na rufe. Daga ciki sai guɗa ta tashi, aka ɗauki shewa da tafi, aka daɗe ana yi. Na zauna da kyamara a cinya, ban san me ya faru ba.